Na duba keken ɗinki a shafi guda, yanzu tallansa na bi na ko'ina

Ummu_Haidar: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masana harkar waya ku warware min wani abu. Kwanakin baya na shiga wani shafin sayar da kaya na duba farashin keken ɗinki, irin mai aiki da wuta. Ban saya ba, ko rajista ban yi ba, na fita. Tun daga ranar duk inda na leƙa keken nan ne. Shafin labarai, ga shi a gefe. Na je neman yadda ake haɗa alkaki, ga shi a tsakiyar rubutun. Kuma shi ɗin dai, kalarsa da farashinsa. To wa ya gaya wa shafin labarai ina son keke? Maƙwabciyata ta ce wayar ce ke sauraron hirarmu. Da gaske ne?

Sani_Babur: Wa'alaikumussalam. Maganar maƙwabciyarki dutse ce. Muna zaune a majalisa ana hirar batirin sola, wallahi ko taɓa wayata ban yi ba, da daddare sai ga tallan batir. Wannan kuma me za a kira shi?

Injiniya_Sadi: Hajiya, naki dai ba sai an saurare ki ba, tunda da hannunki kika buɗe shafin keken. Abin da ya bi ki sunansa kukis. Ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin burauzar wayarki, wato manhajar da kike buɗe shafuka da ita, yawanci babu komai a ciki sai wata doguwar lamba. Duk sanda kika sake haɗuwa da wanda ya ba ki lambar, burauza za ta miƙa masa ita, ya gane ke ce kika dawo.

Asalinsa ma abin alheri ne. Wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro shi a 1994, don shafi ya riƙa tuna abin da mutum ya zuba a kwandon sayayya. Ba don shi ba, da kowane shafi kika matsa sai an sake tambayar ki kalmar sirri.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shafin da kika buɗe ba shi kaɗai ne a wurin ba. Mai shafin ya dasa 'yan guntayen manhajar wasu kamfanonin talla a ciki, su ma suna ajiye nasu kukis ɗin. Ki ɗauka kamar katin da mai gadin babura ke bayarwa a bakin kasuwa. A ce kamfani ɗaya ne ke da masu gadi a Kwari da Sabon Gari da Singa da Kurmi, kuma kati guda ake nunawa a duka. Ko bai san sunan mutum ba, ya san mai kati kaza jiya ya je layin kekuna, yau ga shi a Singa. Shafin labaran da kika shiga da shafin keken, mai gadinsu ɗaya ne.

Ummu_Haidar: Ikon Allah. Na gode Injiniya. Amma me ya sa sai shi keken, ba wani abu daban ba?

Zee_Kaduna: Anti, bari in amsa wannan tunda aikina ne, ina ɗora wa ƙananan 'yan kasuwa talla. Gurbin da kike ganin talla a shafin labarai gwanjonsa ake yi, kuma a daidai lokacin da shafin ke buɗewa. Saƙo ke fita zuwa ga masu talla cewa ga mai lamba kaza, tana wajen gari kaza, da irin waya kaza, tana karanta labari kaza, wa zai taya? Kwamfutoci ne ke tayin, duka cinikin ba ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai sayar da keken ya fi kowa sakin hannu a kanki, don ya san kin riga kin duba, saura kaɗan ki saya. Mai tallan taki ko tayar mota ba shi da dalilin biyan ko rabin haka.

Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu kacokan. Criteo na birnin Paris na daga cikin sanannu, su ne gwanayen dawo miki da ainihin hoton kayan da kika duba.

Baba_Na_Fagge: To ni tambayata, in mutum ya riga ya saya fa? Na duba fanka, na je kasuwa na saya da kuɗina, har yau tallan fanka nake gani. Fanka nawa mutum zai rataya a ɗaki ɗaya?

Zee_Kaduna: Baba ai ba su san ka saya ba. Ka biya kuɗi hannu a shago, babu abin da ya koma musu. A wurinsu har yanzu kana cikin jerin waɗanda suka duba suka fasa. Jerin yana da wa'adi, da yawa kwana 30 suke sawa, amma a tsarin Meta, mai Facebook da Instagram, ana iya kai shi kwana 180, a na Google har 540. Mai tallan da ya san aikinsa yana taƙaita sau nawa mutum ɗaya zai gani. Malalaci kuwa sai ya bar shi a sake, yana ƙona kuɗinsa yana ɓata wa mutane rai.

Dan_Kwari_Shadda: Ni fa ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Da can talla sai rediyo, ka biya kuɗi mai yawa, mai buƙata da marar buƙata duk su ji. Yanzu da 'yan dubbai nake nuna leshi da shadda ga matan da suka riga suka nuna sha'awa. Kwastoma daga Gombe, daga Jos, har Yamai na tura kaya. Idan aka toshe wannan hanyar, manyan kamfanoni ba abin da zai same su, mu ƙanana ne za mu sha wuya. Kuma shafukan labaran da kuke karantawa kyauta, da me kuke tsammanin suke biyan ma'aikata?

Injiniya_Sadi: Alhaji @Dan_Kwari_Shadda, kana da shafin intanet naka na kanka ne, ko a Instagram da WhatsApp kake ciniki?

Dan_Kwari_Shadda: Instagram da WhatsApp. Ina ni ina buɗe shafi.

Injiniya_Sadi: To kai ko an kashe kukis ɗin bibiya gobe, kasuwarka na nan daram. Naka tallan yana tafiya ne da abin da mutane suka yi a cikin manhajar kanta, wanda suka bi, hoton da suka tsaya a kai, wanda suka yi wa magana. Abin da ya sami Hajiya kuwa tsallake ne, daga wani shafi zuwa wani shafin da babu alaƙa a tsakaninsu. Biyun nan mutane na yawan haɗa su wuri ɗaya.

Sani_Babur: Duk kun tsallake maganata. Batirin fa? Ni ban buɗe shafin kowa ba.

Injiniya_Sadi: Ban manta da kai ba Malam Sani. A majalisar taku, wani bai ciro waya ya duba farashin batirin ba? Idan kun hau wayifai ɗaya, ko wani ya kunna maka datarsa, a idon masu talla daga ƙofa ɗaya kuka fito. Ga lambobin wayarku a wayoyin juna, ga manhajojin da ke karanta wurin da kake. Sannan lokacin zafi ne ko an ɗauke wuta, masu sola na watsa talla ga duk namijin da ke yankin. Wataƙila ka sha wuce shi ba ka kula ba, sai ranar da kuka yi hirar ya tsaya maka a ido.

An ma gwada zargin. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka sun bi manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana naɗar murya a ɓoye tana turawa ba. Abin da suka kama shi ne wasu na ɗaukar hoton fuskar wayar suna aika wa wasu kamfanoni, wanda ni a ganina ya ma fi muni.

Habu_Jamus: Injiniya, a yi wa Malam Sani adalci. Apple ya amince a farkon 2025 zai biya dala miliyan 95 don a kashe ƙarar da aka shigar cewa Siri, manhajar iPhone da ake yi wa magana da baki, na farkawa ba a kira ta ba tana naɗar hirar mutane. Kamfanin bai amsa laifi ba, ya kuma ce bai taɓa amfani da muryoyin wajen talla ba. Amma ka ga zargin ba daga sama ya faɗo ba.

Sani_Babur: Yawwa, Allah ya yi maka albarka. Su musa ai dole ne.

Gyaran_Waya_FarmCentre: Malam Sani, ga gwaji mai sauƙi. Daga Android 12 zuwa sama, duk manhajar da ta kunna makirfo ko kyamara za ka ga ɗan koren ɗigo a saman allo. A iPhone ruwan lemo ne na makirfo. Shiga saitin izini ka ga su wa ka ba makirfo. Za ka sha mamaki, akwai wanda na gani manhajar tocila ce da izinin makirfo da lambobin waya.

Kawu_Ado: Ku bar batun makirfo, kukis ɗin ma kaɗai ya isa ya haɗa mutum da iyalinsa. Wani abokina ya duba setin akwatuna a kwamfutar gida, na ƙaninsa ne da zai yi aure. Uwargida ta zo buɗe wa yara karatu, sai akwatunan lefe ke ta fitowa jere. Har yau bai gama rantsuwa ba.

Maman_Twins: Kawu, abokinka ko kai? 😂 Na ƙaninsa wai. Mun san irin wannan ƙanin.

Hajjo_Zinariya: Ai ni wannan fasahar ta burge ni. A bar ta haka, tana yi mana aiki.

Kawu_Ado: Ku dai mata ba a iya muku.

Admin_Bashir: Jama'a a dawo kan maudu'i don Allah. Zancen kishiya yana da nasa zauren.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum daga Nijar. Mu da muke yawan shiga shafukan Faransanci, kusan kowanne sai ya tare ka da akwatin neman amincewa da kukis. Ni kullum amincewa nake dannawa don in wuce, data na tafiya. Shin in na danna ƙi, da gaske suna bari, ko wasa da hankali ne?

Habu_Jamus: Ɗan'uwa, wannan akwatin dokar Turai ce ta haife shi. Tun gyaran da aka yi wa dokar sirrin sadarwa a 2009 aka ce sai da izinin mutum, sannan dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta sa abin ya yi haƙora. Kuma Faransa ta fi kowa zafi a kai. A farkon 2022 hukumarsu ta kare bayanai, CNIL, ta ci tarar Google yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, a kan abu ɗaya tak: amincewa danna ɗaya ce, ƙi kuwa sai ka bi shafi bayan shafi. Criteo da Zee ta ambata ma ta sha tarar yuro miliyan 40 a 2023, cikin laifukan har da rashin tabbatar da cewa mutanen da take bibiya sun yarda. Shi ya sa yanzu a manyan shafukan can za ka ga maɓallin ƙi a fili kusa da na amincewa. Manya dai suna tsoron tara. Ƙananan shafukan da ba wanda ya san mai su, ni ba na ba su amana.

Ka taɓa buɗe jerin abokan hulɗar da ke cikin akwatin? Wasu shafukan ɗaruruwan kamfanoni ne a ciki. Danna ɗayan da kake yi, duka ka ba izini.

Malam_Tanko: Ni abin da ke damuna, Allah ya ce a Suratul Hujurat aya ta 12 kada ku yi bincike a kan juna. Mutum ya duba maganin wata cuta da yake ɓoyewa, ko yana neman rance, sai a wayi gari talla na tona shi a gaban 'ya'yansa. Ko da ba a san sunansa ba, ai an keta masa sutura.

Dan_Kwari_Shadda: Allah ya gafarta Malam, amma ai shi ya danna ya yarda.

Malam_Tanko: Alhaji, yardar da aka karɓa da Turancin da mutum ba ya ji, a rubutun da ba ya karantuwa, kai za ka sayar da gidanka da irinta?

Lauya_Binta: Malam ya taɓo inda doka ta tsaya. A Najeriya muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kafin nan kuma akwai ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa NITDA ta fitar a 2019. A dokar, yarda sai ta kasance da son rai kuma mutum ya san abin da ya yarda da shi. Shiru ba yarda ba ne, kuma kana da ikon janyewa, da ikon cewa a daina amfani da bayananka wajen tallata maka kaya. A Yulin 2024 hukumar kula da gasa da kare masu sayayya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafin gasa da kare masu sayayya ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Wancan ya fi batun kukis faɗi, amma tushen ɗaya ne. @Ɗan_Damagaram ku ma kuna da taku hukumar kare bayanai a Yamai, HAPDP.

Gaskiyar magana dai, doka na takarda, amma mutum nawa a cikinmu ya taɓa rubuta ƙorafi?

Ummu_Haidar: Anti Lauya ni ba ƙara zan kai ba, keken kawai nake so ya bar ni. Me zan danna?

Gyaran_Waya_FarmCentre: Hajiya, idan Chrome kike amfani da shi, shiga saiti, ɓangaren sirri da tsaro, ki toshe kukis na wasu kamfanoni, wato waɗanda ba na shafin da kike kai ba. Sai ki goge waɗanda suka riga suka taru. Ki tabbatar kin san kalmomin sirrinki tukuna, don zai fitar da ke daga shafukan da kika shiga. Kullum sai an kawo min waya an goge komai an manta kalmar sirri. Bayan haka ki shiga saitin wayar, wurin Google, ɓangaren talla, akwai lambar talla ta wayar, ki goge ta. Ita manhajoji ke amfani da ita a madadin kukis.

In kuma talla na faɗo miki a kan allo ko ba ki buɗe komai ba, wannan wata cuta ce daban, wata manhajar banza aka saukar. Yawanci yara ne da wasanni.

Aliyu_ABU: Ko kawai ta riƙa amfani da shafin sirri, mai hoton hula da tabarau. Shi ke nan ba mai ganin ta.

Injiniya_Sadi: Aliyu, rabi ka faɗa. Shafin sirri na zubar da kukis idan ka rufe, don haka zai hana keken bin ta, kuma da abokin Kawu ya yi amfani da shi da bai shiga uku ba. Amma shafin da ka ziyarta yana ganin ka, kamfanin layinka ma ya san inda ka je. An kai Google ƙara a Amurka a 2020 kan haka, a 2024 ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara, ya kuma gyara rubutun gargaɗin da ke shafin.

Abin da ya kamata a sani game da burauzoji: Firefox ya fara toshe kukis ɗin bibiya kai tsaye tun 2019, Safari ya toshe su gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa cikin shekara biyu Chrome ma zai daina. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, a Yulin 2024 ya ce ya fasa. Kada a manta shi ne ya sayi DoubleClick, babban dillalin tallan intanet, kan dala biliyan 3.1 a cinikin da aka sanar a 2007. Mai burauzar shi ne mai tallan. Mu kuma nan kusan kowa Android ke hannunsa, Chrome na ciki tun daga kwali.

Zee_Kaduna: A yi masa adalci kaɗan Injiniya, hukumar kula da gasa ta Birtaniya ma ta sa baki a jinkirin. Sauran kamfanonin talla sun yi kukan cewa idan aka kashe kukis, Google da ke da bayanan kowa ta Gmail da YouTube da Android shi kaɗai zai rage a fili.

Injiniya_Sadi: Haka ne, kuma wannan ya ƙara nuna inda ƙarfin yake.

Aliyu_ABU: To wai in mutum ya toshe duka, ya tsira?

Injiniya_Sadi: Ya rage dai. Akwai wata dabarar da ba ta ajiye komai a wayarka. Ana haɗa girman allonka, irin wayar, harshen da ka saita, agogon yankinka da wasu ƙananan alamu, sai su zama shaidar da ba kowa ke da irinta ba. Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF na da shafin gwaji mai suna Cover Your Tracks, ka shiga ka ga yadda taka burauzar ta fita daban.

Hajjo_Zinariya: Ni iPhone ɗina yana tambayata ko in bar manhaja ta bibiye ni, ina cewa a'a. Yana da amfani kuwa?

Zee_Kaduna: Sosai Hajiya. Apple ya kawo shi a Afrilun 2021, kuma Meta da bakinsa ya ce abin zai ja masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. Mu masu ɗora talla mun ji a jikinmu.

Ummu_Haidar: Na dawo da rahoto. Na bi abin da mai gyaran waya ya ce. A shafukan labarai keken ya ɓace, yanzu tallan rance da na caca nake gani, waɗanda ma sun fi keken ban haushi. Amma a cikin manhajar sada zumunta yana nan.

Zee_Kaduna: Anti, can ba kukis ɗin wayarki ke riƙe da shi ba, a asusunki aka rubuta. Shafin keken na ɗauke da ɗan guntun manhajar kamfanin sada zumuntar, ranar da kika duba aka aika, aka haɗa da sunanki. Ki shiga saitin asusun, akwai wurin da ke nuna abin da wasu shafuka suka turo game da ke, ki cire haɗin. Tallan ma in kin danna ɗigo ukun da ke kansa za ki iya ɓoye shi.

Sani_Babur: Kun gani ko? An goge, yana nan. Ni dai na cire wa kowa izinin makirfo, sai WhatsApp.

Baba_Na_Fagge: Wata tambayar. Manyan shagunan nan da ke cewa ka ba da lambar waya kafin a buga maka rasit, shi ma yana shiga wannan lissafin?

Zee_Kaduna: Yana iya shiga Baba. Mai talla na iya ɗora jerin lambobin kwastomominsa, a juya su zuwa wasu haruffa, a gwada da na masu asusu, wanda ya dace a nuna masa talla. Babu kukis ko ɗaya a wannan.

Dan_Kwari_Shadda: Tsaya tukuna. Ni ina da littafi cike da lambobin kwastomomi tun shekaru. @Lauya_Binta idan na ba Zee ta ɗora min su, na taka doka?

Lauya_Binta: Alhaji, lokacin da suka ba ka lambar, don ka kira su in kaya sun iso ne, ko ka gaya musu za ka miƙa wa kamfanin talla?